Ƙwan Nan Sun Ƙyanƙyashe

Ango,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya amarya, ya ƙarfin jikin Inna? Wata uku shiru, na san ka cika ka batse. Ka yi haƙuri. Akwai tambayar da nake son yi maka, amma tsaya tukuna: ƙwan nan sun ƙyanƙyashe!

Ashe ma ban ba ka labarinsu ba. A watan Yuli, wata safiya bayan an ɗauke ruwa, na ɗaga ɓawon wani ruɓaɓɓen gungume a dajin da ke bayan masaukina a nan jihar New Hampshire ta Amurka. Sai ga wata 'yar halitta, tsawon yatsana, da jan layi daga wuya har wutsiya, ta kanannaɗe da ƙwai takwas masu reto kamar nonon inabi. Da kai ne, kulɓa za ka ce, ka zura da gudu irin na ranar nan a bayan ajinmu. To ko dangin ƙadangare ba ta shiga ba. Salamanda ce, 'yar uwar kwaɗo, masana na kiranta Plethodon cinereus.

Wallahi ba ta da huhu! Ta fata take numfashi, da kuma cikin bakinta, saboda haka in fatar ta bushe, shi ke nan. Na mayar da ɓawon a hankali, amma raina bai kwanta ba, musamman da ruwa ya yi tsaiko a Agusta. Kullum ina tunanin ko iskar da na shigar ta busar da wurin. Uwar kusan wata biyu take yi a kan ƙwan, da ƙyar take cin abinci, jikinta ne ke riƙe musu damshi.

Jiya na leƙa. Shida na ƙirga, kowanne kamar santimita 2, da ƙafafuwansa cif da ɗan jan layinsa. Ba sa yin iyo a kududdufi kamar 'ya'yan kwaɗi. A cikin ƙwai suke gama wannan zangon. Na daɗe a tsugune ina tasbihi.

Af, wai da gaske ƙaninka ya sayar da babur ɗin ya koma kiwon kaji? Gwaggo ta yarda?

Kada ka raina salamandar nan don ƙanƙanta. A dajin Hubbard Brook, nan jiharmu, wasu masana biyu, Burton da Likens, sun wallafa a 1975 cewa salamanda sun kai kimanin 2,950 a hekta ɗaya, galibinsu irin wannan, kuma nauyinsu a haɗe ya ninka na tsuntsayen dajin. Duk suna ƙarƙashin ganye suna cin tururuwa da ƙananan ƙwari, mutum na wucewa bai sani ba.

Sanyi na matsowa, za su nutsa cikin ƙasa sai bazara. Ranar Asabar zan sake leƙawa ko na ga sauran biyun.

A gaida amarya. Yajin da ta aiko saura kaɗan.

Naka,
Ɗan ajinku