A zo Yauri a ɗauki tarihin bakin kogi tun masu shi suna raye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da ma'aikatanka. Kuka na kawo. Sunan Yauri da Ngaski ba ya hawa shafin farko sai ran da jirgi ya kife. Haka aka yi a watan Mayun 2021, da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nutse kusa da Warra maƙare da mutane. Kun kyauta da kuka ba da labarin, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma bakin kogin nan na Neja (Kwara) yana da abin faɗa da ya wuce ta'aziyya.

Wakilinku ya zo Yelwa ya tsaya a tashar jirgi da hantsi ranar kasuwa. Zai ga jirage masu inji suna tasowa daga tunga-tunga, an yi musu lodin buhunan albasa har ruwa ya kusa taɓa bakinsu. Zai ga mata suna juya tarwaɗa a kan banda, hayaƙi na shiga ido, an baza warangi a rana yana ƙyalli, masunci kuma na zaune a gefe yana ɗinkin taru da zare a baki. Da damina ruwan fari ne saboda laka; da sanyi kuma sai wani ruwan mai duhu ya iso daga can ƙasashen Gini da Mali, kogin ya sake cika alhali ko ɗigon ruwan sama babu. Da bazara ya ja baya, duwatsu su fito, manoma su bi danshi da shuka. Kututturan itatuwan da tafkin madatsar Kainji ya shanye su ma a lokacin suke leƙowa, kuma su ne abin tsoron kowane matuƙi.

Wannan mashigi ba na jiya ba ne. Ta ƙasar Yauri fatake suke bi da jakunansu zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro. A Yauri Mungo Park, Baturen da ya zo binciken kogin, ya rabu da ɗan jagoransa a 1806, bai yi nisa ba ya halaka a duwatsun Busa. A 1830 wasu Turawan, Richard Lander da ƙanensa John, suka zo har gaban Sarkin Yauri neman takardun Mungo Park. A 1888 aka mai da gidan sarauta Yelwa. Duk wannan yana rubuce, ba ni da fargaba a kansa.

Abin da ke damuna shi ne wanda ba a rubuta ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyukan gaɓa, aka tashi mutane sama da dubu 40, cikinsu har da Gungawa, mazauna tsibiran kogin, masu yawan gaske. Wutar da ta haska birane, da gonaki da kaburburan kakannin waɗannan bayin Allah aka saye ta. Wanda yake saurayi a lokacin yau ya haura saba'in. Ka zauna da ɗayansu cikin jirgi, zai nuna maka tsakiyar ruwa da filafili ya ce maka nan ne masallacinsu, can ne tsamiyar da ake cin kasuwa a gindinta. Jikokinsa ba su san ko sunan tsibirin ba. Harshen ma yana tafiya, don yaran Gungawa da yawa Hausa kawai suke ji.

Bikin Rigata yana da kyau, ina kuma yaba wa masarauta da gwamnatin jiha da suka farfaɗo da shi. Sai dai tseren kwale-kwale na 'yan kwanaki ba zai riƙe mana wannan tarihi ba.

Don Allah, Malam Edita, ka turo mana wakili da na'urar ɗaukar murya ya yi ko mako guda a tungayen da aka mai da mutanen nan, ya ji sunayen tsibiran daga bakin waɗanda aka haifa a kansu, ku buga kashi-kashi. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa don al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, ita ma ta sa hannu a adana muryoyin. Idan wakilin ya iso, masauki da jirgin da zai kai shi suna wuyanmu.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Yelwan Yauri, jihar Kebbi