Wa Zai Adana Waƙar Baƙo?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun bayan sallar layya.

Wani yaro da na koyar a aji huɗu, wanda yanzu yake karatun noma a Italiya, shi ya turo mini wata waƙa ta WhatsApp, ya ce, "Malam, saurari wannan." Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma sai da na maimaita ta sau uku ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidana. Sunanta Marechiare. Ya bayyana mini cewa zancen wata ƙaramar unguwar masunta ce a bakin tekun Napoli: wata ya fito har kifaye sun shiga shauƙi, ga fure a bakin taga, saurayi yana ƙasa yana kiran budurwa ta farka don iska ta yi daɗi. Salvatore Di Giacomo ne ya rubuta baitocin, wanda ya ɗora musu kiɗa kuwa shi ne Francesco Paolo Tosti.

An haifi Tosti a 1846 a Ortona, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Abruzzo. Tun yana yaro aka kai shi makarantar kiɗa a Napoli, ya koyi gogen Turawa. Rashin lafiya ya mai da shi gida, talauci kuma ya ɗaure shi tamau, har an ce ya yi makonni a Ancona ba abin da yake ci sai lemon zaƙi da busasshen burodi. A birnin Rum ne Allah ya haɗa shi da wani makaɗi, Giovanni Sgambati, ya shirya masa taro ya rera waƙa. Gimbiya Margherita, wadda daga baya ta zama sarauniyar Italiya, tana wurin, ta ɗauke shi ya zama malaminta na waƙa. A 1875 ya fara taka Landan, zuwa 1880 shi ne mai koyar da waƙa a gidan Sarauniya Biktoriya. Ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila a 1906, abin da ya jawo masa tsegumi a gida, bayan shekara biyu Sarki Edward na bakwai ya ba shi lambar Sir. Da girma ya kama shi ya koma ƙasarsu, ya mutu a Rum a 1916.

Abin da ya fi taɓa ni, Malam Edita, shi ne zaman fadar Ingila bai sa ya yar da harshen uwarsa ba. Ya yi waƙoƙi ɗaruruwa da Italiyanci da Faransanci da Turanci, amma ya yi da karin harshen mutanen Napoli, ya kuma tattara waƙoƙin talakawan Abruzzo ya rubuta su aka buga. Kamfanin Ricordi na Milan ya buga ayyukansa, Enrico Caruso ya rera wasunsu a faifai, yau kuma a Ortona akwai cibiya sukutum mai sunansa da ke ajiye da takardunsa. Shi ya sa bayan fiye da shekara ɗari da mutuwarsa, waƙarsa ta iso har wayar wani tsoho a ƙauyen Jigawa.

To, mu ma mun yi baƙon mawaƙi a garinmu, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Lokacin yunwar 1973 ya shigo mana daga ƙasar Damagaram, da matarsa da goyo da jaki ɗaya wanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Mai unguwa ya ba shi wuri a bayan gari ya kafa bukka. Dukiyarsa duka gurmi ne na duma mai tsirkiya biyu, wanda hannu ya goge wuyansa har yana sheƙi. Da kaka, idan an ɗaure gero an kai rumbu, shi yake yi wa 'yan kokawa kiɗa a dandali. Yana da wata waƙa da ba ya yin ta sai dare ya tsala, jama'a sun ragu. A cikinta yake jero garuruwan da ya ratsa da ƙafa, da rijiyoyin da ya tarar sun ƙafe, da shanun ubansa ɗaya bayan ɗaya da sunan da ake kiran kowace saniya, da inda kowace ta faɗi. Na ga dattawa masu furfura suna share hawaye da bakin rawani. Ranar Alhamis kuwa ya tafi kasuwar Maigatari ya yi wa fatake da 'yan tireda, ya dawo da abin cefane.

Shekara kusan arba'in ya yi a cikinmu. Ya yi mana gayya, ya raka gawarmu, ya aurar da 'ya'yansa ga 'ya'yanmu, amma har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu daina ce masa baƙo ba. Wasu kuma maroƙi kawai suke gani, a miƙa masa kwabo ya wuce.

Ni kaina ina da laifi. Ina da rikoda tun ina sabon malami, kuma sau ɗaya tak na ɗauki muryarsa, a bikin ƙanena. Kaset ɗin ma rikoda ta tauna shi, na ce gobe zan sake, gobe ta yi ta zuwa tana wucewa. Watan jiya na je gaishe da 'yarsa, na tambaye ta gurmin Baba. Ta ɗauko mini shi daga saman rufin ɗaki, gara ta cinye wuyan, fatar ta tsage. Ta tuna baiti uku na waccan waƙar, ni na tuna biyu. Abin da ya rage ke nan.

Manyan mawaƙanmu irin su Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun samu masu nazari, alhamdu lillahi. Amma a ƙauyukan Gumel da Maigatari da Ɓaɓura akwai tsofaffi masu gurmi da kukuma da gangar noma, da mata masu waƙar daɓe da ta niƙa, da yawansu fari ne ya koro su daga ƙetaren iyaka, kuma ba wanda ya taɓa tambayar su. Ina roƙon jaridarku ta ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, ta riƙa buga tarihin irin waɗannan da baitocinsu. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero da ta Sule Lamido a Kafin Hausa su ma su shigo ƙauye da wayoyinsu, a ɗauki murya, a rubuta baiti, a bar wa iyalin mai waƙa nasu kwafin.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, ita ma da ƙafa ta zo a waccan shekarar, har yanzu tana rera waƙar niƙa idan jikokinta sun matsa mata. Duk wanda ya shirya zuwa, ya sauka a gidana, ni zan raka shi wurinta.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare mai ritaya,
Ƙaramar Hukumar Maigatari, Jihar Jigawa.