Koke zuwa ga Mai Martaba Sarki kan tsofaffin takardun ginin jami'a

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne, 'ya'ya da jikokin mutanen da suka yi aikin ginin tsohuwar jami'ar nan da ke ƙasarka, sai kuma wasu tsofaffin ɗalibai da ma'aikatan da suka yi ritaya. Kukanmu a kan takardun farkon kafa jami'ar ne, littattafan shiga da fitar kuɗi, baucocin biyan leburori, takardun kwangila, zanen gine-gine, da wasiƙun da shugabannin farko suka riƙa musaya da gwamnati da 'yan kwangila. Ranka ya daɗe takardun nan lalacewa suke yi, in aka ƙara 'yan shekaru a haka to sai dai labari.

Waɗanda suka yi aiki a wurin cikinmu sun san sito ɗin da aka jibge su. Rufin yana yoyo, fayil-fayil an ɗaure su da igiya an ɗora a ƙasa ba ko katako, gara ta shiga wasu ta yi hanya tun daga bango har bango, fil ɗin da aka maƙale takardun da shi ya yi tsatsa ya cinye kusurwar. Wasiƙun da aka buga da tafireta kuwa yawanci kwafin kabon ne a kan 'yar siririyar takarda, kana ɗagawa tana karyewa a hannunka. Amma abin da ya fi taɓa mana zuciya shi ne takardun biyan albashin leburori. Layi-layi ne, suna, irin aikin, kwana nawa ya yi, nawa aka ba shi, a ƙarshen layin kuma dangwalen babban yatsa tunda galibinsu ba su iya sa hannu da boko ba. Wallahi akwai gidajen da ko hoton kakansu ba su da shi, wannan dangwalen ne kaɗai abin da ya rage na jikinsa a duniya.

Mun san wani zai ce to meye abin damuwa a kan rasit ɗin siminti da lissafin kuɗin da ma an daina kashe irinsu. Ai nan ne tarihin yake. Jawabin ranar buɗe jami'a sunayen manya kawai ke ciki, birkila da kafinta da mai ɗebo ruwa da mai fasa dutse sai a littafin akanta za ka gan su, don shi dole ya rubuta wanda ya ba kuɗi.

Kuma an ga haka a wasu ƙasashe. Jami'ar Bajiniya da ke Amurka, wadda Thomas Jefferson ya kafa a 1819, bayi ne suka yi kaso mai yawa na aikin gininta, aka daɗe ba a ko ambatonsu, sai da masu bincike suka koma kan littattafan kuɗin jami'ar inda aka rubuta abin da aka biya iyayengijinsu na hayarsu, daga nan da wasiƙun lokacin aka tsamo sunaye, wasu ma sunan fari kawai ko sana'ar mutum, har aka kammala musu wurin tunawa a 2020. Jami'ar Jojtawun, ita ma a Amurka, a 1838 an sayar da bayi 272 don biyan bashin da ya taru a kanta, kuma takardun cinikin ne suka taimaka aka gano zuriyarsu bayan fiye da shekara 170. Mu iyayenmu 'ya'ya ne ba bayi ba, aiki suka yi aka biya su, amma hanyar da za a bi a gano su ɗaya ce, takardun kuɗi.

Sannan gobara ba ta sallama. A watan Afrilun 2021 wutar daji ta gangaro ta cinye ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Keftawun ta Afirka ta Kudu, wurin da ke da ma'aikata da kayan aiki fa, balle sito mai tsofaffin wayoyin lantarki.

Ranka ya daɗe, mun yi magana da wasu jami'ai, kowa sai ya ce ba hurumin ofishinsa ba ne ko babu kuɗi, mu kuma ba mu da bakin da za a ji. Kai kana da shi. Roƙonmu ka kira shugabannin jami'ar ka nemi a kwashe takardun nan a kai su ɗaki busasshe mai iska tun kafin ruwan sama na gaba, wannan ko sisi ba sai an jira daga gwamnati ba, ɗaki ne da kanta da kwalaye. Bayan haka a sa ƙwararrun laburare su jera su su yi musu rajista fayil bayan fayil, don abin da ba a san da shi ba ko an ɗauke ba mai ganewa, sai a bi a hankali ana sikanin ana sawa a kwamfuta, a kuma ajiye kwafi ɗaya a fada. Matasanmu da yawa sun gama karatu suna zaune, sun ce za su yi ɗauka da kakkaɓe ƙura kyauta in an nuna musu yadda ake taɓa tsohuwar takarda.

Akwai wata magana da gara mu faɗe ta da bakinmu. Cikin fayilolin akwai na filayen da aka karɓa da diyyar da aka biya, mun kuma ji ana raɗe-raɗin wai so muke mu tono su don mu tayar da rigima. Sam ba haka ba ne. Wanda aka biya kakansa takarda za ta nuna, magana ta mutu, inda kuma aka samu giɓi ai gabanka za a kawo ka duba da adalcinka yadda aka saba. Ɓoye takarda shi ke sa zargi ya yi ta yawo daga uba zuwa ɗa.

Dattawan da za su iya kallon suna su ce wannan wane ne, ɗan gidan wane, saura kaɗan, shi ya sa muke roƙon in za a kafa kwamiti a sa biyu ko uku daga cikinsu. A shirye muke mu zo fada duk ranar da aka ba mu.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
zuriyar ma'aikatan ginin jami'a da tsofaffin ɗalibai