A Riƙa Kammala Fina-finan Binciken Laifi Tun Suna da Armashi

Ranka ya daɗe Edita,

Rahotonku kan fina-finai masu dogon zango ya sa zan tofa albarkacin bakina game da na binciken laifi. Shirin binciken laifi na Indiya mai suna CID ya shekara 20 ana nunawa, daga 1998 zuwa 2018, amma bai kamata namu su yi koyi da wannan tsawo ba.

A teburin mai shayinmu na Jekadafari, akwai shirin da ko an ɗauke wuta sai mun tada janareta dominsa. Yanzu kafin jami'i ya iso kan gawa, yara sun faɗi wanda ya yi kisan. Mugun da aka binne ma an dawo da shi. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Ina roƙon marubutanmu su tsara ƙarshen labari kafin a fara ɗauka, tashoshi kuma su tsaya a zango uku ko huɗu, su ba sababbin marubuta fili.

Naku,
Mai karatu daga Gombe