Kira ga Masu Horar da 'Yan Wasa kan Na'urar Auna Oksijin a Tsoka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata 'yar ƙaramar na'ura da ta fara shiga hannun masu horar da 'yan tsere, 'yan keke, matuƙa kwale-kwale har da 'yan ƙwallo, wato wadda ake mannawa a jikin ɗan wasa domin ta nuna yawan iskar oksijin da ke cikin tsokarsa a daidai lokacin da yake atisaye. A matsayina na mai horar da 'yan gudu, ina ganin na'urar tana da amfani na gaske, sai dai amfanin ba ya cikin lambar da take nunawa a fuskar agogo, kuma kocin da ya ɗauki lambar nan a matsayin hukunci zai cuci ɗan wasansa alhali yana ganin gata yake yi masa.

Yadda take aiki ba wani abin ɓoye ba ne. Duk wanda ya taɓa ɗora yatsansa a bakin tocila cikin duhu ya ga yadda naman ya yi jajir, domin jan haske ya fi sauran launuka ratsa jiki. Gaba kaɗan da jan nan akwai wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango tsakanin nanomita 700 da 900 ko kusa da haka (nanomita shi ne ɗan ƙanƙanin ma'aunin da ake auna zangon haske da shi), wanda yake wuce fata da kitse har ya kai ga tsoka. Sinadarin himoglobin, mai dakon oksijin a cikin jini, ba iri ɗaya yake shan wannan haske ba: idan ya sauke kayansa yana shan na wajen nanomita 760 sosai, idan kuwa yana ɗauke da oksijin ya fi shan na sama da 800. Na'urar tana harba hasken cikin nama, wani ɓangarensa ya warwatsu ya dawo, ta karɓe shi, sannan ta lissafa kashi nawa cikin ɗari na sinadarin ne yake ɗauke da oksijin a wurin. Wannan adadi shi ake rubutawa SmO2.

Dabarar ta daɗe. Frans Jöbsis na Jami'ar Duke a Amurka ne ya bayyana ta a mujallar Science a 1977, kuma a lokacin hankalinsa yana kan ƙwaƙwalwa da zuciya ne. Britton Chance na Jami'ar Pennsylvania, wanda shi kansa ya ci lambar zinare a tseren jiragen ruwa a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, yana cikin waɗanda suka karkato da ita zuwa ga tsoka, kuma a 1992 shi da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a cinyoyin ƙwararrun matuƙa kwale-kwale. Abin da ya sauya a baya-bayan nan shi ne girman kayan aikin. Na'urar Moxy da ake ƙerawa a Minnesota ta Amurka da Train.Red ta ƙasar Holan ba su cika tafin hannu ba, kuma suna aika bayanansu kai tsaye zuwa agogo ko waya. Wasu irinsu, kamar Humon da BSX, sun fito sun kuma ɓace daga kasuwa, abin da ya kamata mai niyyar saye ya sa a lissafinsa, domin idan kamfani ya rufe, manhajar da ke karanta na'urar takan bi shi.

Kada a haɗa ta da 'yar matsen nan da ake sa wa mara lafiya a yatsa a asibiti. Ita waccan jinin da ya taso daga zuciya take dubawa, kuma a jikin mai lafiya takan tsaya tsakanin 95 da 100, ko yana zaune ko yana sassarfa. Ta tsoka kuwa tana leƙa ƙananan hanyoyin jini ne, inda ake sauke oksijin ana cinye shi, shi ya sa mutum yana hutawa takan nuna 60 zuwa 80, amma idan ya zuba gudu tana iya faɗowa ƙasa da 30. Abin kamar randa ce da wani yake zuba mata ruwa wani kuma yana ɗiba: idan ka ga ruwan ya yi ƙasa, ka dai san ɗiba ta fi zubi, amma ba ka san ko mai zubin ne ya gaza ko mai ɗibar ne ya ƙara himma ba. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin al'amarin.

Dalilin da ya sa nake maraba da ita shi ne giɓin da sauran ma'aunanmu suka bari. Tun farkon shekarun 1980, da kamfanin Polar na Finlan ya fito da agogon auna bugun zuciya marar waya, masu horarwa suke dogaro da bugun zuciya, amma zuciya tana da nawa: ɗan wasa zai gama gudun daƙiƙa talatin kafin bugun ya kai inda ya kamata, kuma zafin rana, ƙarancin ruwa a jiki da rashin barci duk suna ɗaga shi ba tare da aikin ya ƙaru ba. Ma'aunin ƙarfi na 'yan keke yana faɗin abin da ƙafa ta fitar, ba ya faɗin abin da jiki ya biya. Gwajin laktet (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan aiki ya tsananta), wanda Alois Mader da abokansa a birnin Kolon na Jamus suka kafa masa shahararriyar iyakar milimol 4 a kowace litar jini a 1976, kuma 'yan wasan Norwe irin su Jakob Ingebrigtsen da Kristian Blummenfelt suka sake fito da martabarsa, yana buƙatar a tsayar da ɗan wasa a tsira masa allura a kunne ko yatsa, kuma ɗigon jini ɗaya labarin lokaci ɗaya kawai yake bayarwa. Na'urar tsoka ba ta huda kowa, ba ta tsayar da kowa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi take nuna sauyi.

Inda na fi ganin ranarta shi ne atisayen gudu da hutu. Ɗan wasa yana tsaye a bakin layi, na'urar tana manne a gefen cinyarsa ta waje, an naɗe ta da baƙin ƙyalle don kada hasken rana ya kutsa ya ɓata karatun. Yana zabura, sai layin da ke nuna adadin oksijin a fuskar waya ya sulalo ƙasa da sauri, daga baya ya ɗan miƙe a wani mataki. Yana tsayawa, hannu a ƙugu yana haki, sai layin ya juya sama, sau da yawa har ya zarce inda ya faro, saboda hanyoyin jinin sun buɗe amma tsokar ta daina ci. A zagayen farko da na biyu hawan nan yakan zo da wuri. Idan aka yi nisa, sai ka ga hutun da ya ishe shi ɗazu ya ƙare layin bai koma matakinsa ba, ko kuma ka ga yana cije baki yana iya ƙoƙarinsa amma layin ya ƙi sauka inda yake sauka da farko, gudun ma ya ragu. A nan koci ya sami dalili a hannu na ƙara hutu ko na sallamar ɗan wasa, maimakon ya nace sai an cika adadin da ya rubuta a takarda tun da safe. Haka ma a dogon gudu: muddin layin ya daidaita a wuri ɗaya, abin da ake kawo wa tsoka yana biyan abin da take ci, idan kuwa gudun bai sauya ba amma layin yana ta zamewa ƙasa, to ɗan wasan ya tsallake abin da zai iya jurewa na dogon lokaci, ko da bakinsa yana cewa lafiya lau. Tana kuma taimakawa wajen sanin ko ɗumama jiki ya wadatar.

Duk abin da na lissafa a sama siffar layi ce da yadda take sauyawa a jikin mutum guda. Lambar ita kaɗai ba abin riƙewa ba ce, kuma ga dalilai. Hasken ba ya nitsewa da nisa; ƙa'idar da masana suka sani ita ce yana kaiwa kimanin rabin tazarar da ke tsakanin fitilar da idon da ke karɓa. A Moxy, idon da ya fi nisa yana milimita 25 daga fitila, ke nan abin da ake gani bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba a ƙarƙashin fata. Idan kitsen cinyar mutum yana da kauri, yawancin hasken a cikin kitse zai yi yawonsa, kitse kuwa ba ya cin oksijin kamar tsoka, sai lambar ta tsaya a sama ta ƙi motsi. Kocin da bai san haka ba zai kalli 'yan wasa biyu, ɗaya ya sauka zuwa 25 ɗaya ya tsaya a 55, ya yanke cewa na biyun lalaci yake yi, ko kuma ya ɗauka ya fi na farkon juriya, alhali bambancin a ƙarƙashin fata yake. Wannan ya fi shafar mata, domin a bisa halitta kitsen cinyarsu ya fi na maza yawa. Bayan haka, na'urar ba ta iya bambanta himoglobin na jini da mayoglobin da ke ajiye oksijin a cikin tsokar kanta, tunda kusan iri ɗaya suke shan hasken. Sannan idan aka gusar da ita santimita biyu ko uku, ko aka ɗaure ta tamau yau gobe kuma sako-sako, karatun zai sauya. Kuma tsoka ɗaya take gani, a wuri ɗaya, a ƙafa ɗaya, alhali gudu aikin jiki ne gaba ɗaya.

Akwai kuma batun launin fata, wanda a ganina ba a ba shi haƙƙinsa ba. Sinadarin melanin da ke sa fata duhu shi ma yana shan wannan haske, musamman a gajeren zango, don haka abin da ke dawowa ga na'urar yana raguwa a jikin mai baƙar fata. Duniyar likitanci ta riga ta ɗanɗana irin wannan matsala da na'urar yatsa: a Disambar 2020 masu bincike na Jami'ar Michigan sun wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a jinin marasa lafiya baƙar fata kusan ninki uku na yadda take yi ga farare, kuma a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan iyakokin na'urar, launin fata na ciki. Gaskiya ne cewa na'urar tsoka ba tsarinsu ɗaya da ta yatsa ba, kuma masu ƙera ta suna amfani da ido fiye da ɗaya a tazara daban-daban domin su rage tasirin fata. Amma ana sayar da ita ne a matsayin kayan wasanni, ba kayan asibiti ba, don haka ba ta bin tsauraran matakan tantancewa da ake bi da na asibiti. Tunda manyan gwanayen dogon gudu na duniya da dama baƙar fata ne, ina kira ga kamfanonin da su riƙa bayyana a fili a jikin su wa suka gwada na'urorinsu, mutum nawa ne masu duhun fata a cikinsu, da kuma yadda sakamakon ya kasance, kuma ina kira ga masu saye da su riƙa yin wannan tambaya kafin su biya.

Ga 'yan uwana masu horarwa kuwa, shawarata ita ce kowane ɗan wasa a kwatanta shi da kansa kawai. A auna tazarar wurin daga ƙoƙon gwiwa da tef, a rubuta, a yi alama da biro a fata, a aske gashin wurin idan yana da yawa, a goge gumi kafin a manna, a kuma riƙa ɗaure ta da ƙarfi iri ɗaya kullum. A makonnin farko kada a sauya komai a tsarin atisaye saboda ita. A bar ta tana rubutu a gefe, a riƙa ajiye layinta kusa da lokacin da gudun ya ɗauka, da bugun zuciya, da abin da ɗan wasa ya faɗa game da nauyin aikin, har koci ya gane yadda layin wannan mutum yake a ranar da yake garau da ranar da ya kwana da gajiya. Ɗan wasa ma bai kamata ya riƙa leƙen agogo yana tsakiyar gudu ba, domin wanda ya ga lambarsa ta faɗo yakan karaya tun ƙafarsa ba ta gaji ba; a bar wayar a hannun koci a bakin fili. Idan kuma layin ya ce a ci gaba amma ɗan wasa ya ce yana jin jiri, ko ciwon ƙirji, ko wani zafi da bai saba ji ba, a tsayar da atisayen nan take a kai shi ga likita, domin na'urar ba ta ganin zuciya, ba ta ganin jijiya, ba a kuma yi ta don gano cuta ba.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, kocin 'yan gudu.