Filebon banila da muke zubawa a abincin yaranmu, wa yake duba shi?

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya tsaya min a rai tun watan jiya, ƙaramin abu ne a ido amma wallahi kusan kowane gida a garin nan yana shiga.

Ni mai sana'ar kek ce da cincin da donot, shekarata goma sha ɗaya a cikinta, ina kuma yin yogot da kunun aya ina ba yara suna kaiwa shaguna. To a watan jiya na karɓi aikin wani suna, ina tsakiyar kwaɓi filebon banila ya ƙare min, sai na aiki yarona kasuwa na faɗa masa sunan wanda na saba saya. Ya dawo min da wata 'yar roba irin ta maganin tari, ba takarda a jikinta ba komai, sai wani ɗan salatif da aka rubuta sunan banila da biro. Ya ce mai shagon ya ce wancan ya yi tsada yanzu, wannan ɗan waje ne kuma ya fi ƙarfi, daga jarka suke ɗurawa. Na buɗe na shinshina, ƙamshin har cikin kaina, na ɗan ɗiga a harshe na ji wani ɗaci-ɗaci da ya daɗe bai bar min baki ba. Ban zuba ba, na aika maƙota aka samo min ragowar na kwalba na ƙarasa aikin.

Washegari na je shagon da ƙafata na ce Alhaji don Allah nuna min jarkar da kuke ɗura wannan. Ya nuna min ba musu, bawan Allah bai ma ga wani abin ɓoyewa ba. Takardar jikin jarkar ta yage rabi, babu sunan ƙasar da aka yi shi, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, babu jerin abubuwan da aka haɗa. Na ce to me ke ciki? Ya ce Hajiya banila ne mana, kowa shi yake saya, masu askirim ma nan suke zuwa. Wannan kalmar ta "kowa shi yake saya" ita ta hana ni barci, don ni na san su waye ke shan askirim ɗin leda a ƙofar makarantun firamare da islamiyya.

Da na dawo gida na zaunar da ƙanwata da take karatun kimiyyar abinci muka yi ta bincike, kuma abin da na fahimta nake so 'yan uwana masu wannan sana'a su ji. Ita banila ta asali 'ya'yan wata shuka ce mai yaɗo, dogaye sirara kamar wake, asalinta ƙasar Meziko ce. Furenta kwana ɗaya tak yake buɗewa, kuma a yawancin inda ake nomanta da hannu ake barbarar furen ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinke, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano a tsibirin Reunion a 1841. Bayan nan sai a jira wajen wata tara kafin ta nuna, sannan a shafe wasu watannin ana shanyawa ana rufewa har ta yi baƙi ta yi ƙamshi. Yau mafi yawan ta duniya daga arewa maso gabashin Madagaska take fitowa, wajajen Sambava da Antalaha, sai Indunusiya, Uganda ma tana yi. Da guguwar Enawo ta afka wa yankin a watan Maris na 2017 sai da kilo ɗaya ya kai wajen dala 600, har manoma suna kwana a gona suna gadi saboda ɓarayi. Farashin ya sauko sosai daga baya amma har gobe tana cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya.

To Malam Edita ka yi lissafi da kanka. A dokar Amurka kafin a kira ruwa da sunan tsantsar banila sai an jiƙa wajen giram 100 na 'ya'yan a kowace lita. A farashin wancan lokacin 'ya'yan kaɗai sun ci dala 60 kenan a lita ɗaya, ba a zo maganar kwalba da jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Yanzu a ce roba guda da kuɗinta bai kai na sabulun wanka ba ita ce banila ta asali daga waje? Araha dai ba ta ado.

Amma fa kar a fahimce ni a karkace, ni ba na cikin masu cewa duk abin da aka haɗa a kamfani guba ne. Kusan duk ƙamshin banila da ake ci a duniya, a biskit da alewa da madarar gari, na haɗi ne, wanda ya fito daga ainihin shukar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sinadarin sunansa banilin, tun 1874 wasu Jamusawa biyu suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji, yanzu galibi daga sinadaran man fetur ake yin sa wani kuma daga itacen da ake yin takarda. In an yi shi da tsabta irin ta abinci kuma an zuba daidai ƙima, hukumomin abinci na duniya sun yarda da shi, ni kaina shi nake amfani da shi tsawon shekarun nan don in na ce sai na asali babu mai iya sayen kek ɗina. Abin da ke damuna shi ne a ba ni ruwa a roba a ce in zuba wa 'ya'yan mutane, ba a faɗa min me aka narkar ba, a cikin me aka narkar, kuma waye zai amsa in wani abu ya faru.

Kalmar "ɗan waje" da muke ji hankalinmu ya kwanta, ita ma a daina ruɗarmu da ita. A can Amurka hukumar abincinsu ta FDA ta sha jan kunnen mutanenta a kan manyan kwalaben banila masu araha da 'yan yawon buɗe ido ke sayowa daga Meziko, ƙasar da ita ce ma tushen banilar, saboda an samu wasunsu ba banila ba ce, ruwan wani ɗan itace ne da ake kira tonka. Ƙamshinsu ya yi kama sosai, amma tonka tana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda Amurka ta hana sawa a abinci tun 1954 bayan gwaji a kan dabbobi ya nuna yana lalata hanta. A Turai ba su hana gaba ɗaya ba, iyaka suka sa, miligiram 0.1 a kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato yaro mai kilo 20 miligiram 2 kacal. Kuma kumarin ɗin nan yana cikin kirfa mai kaurin ɓawo da muke zubawa a shayi da dambu da kek, ga masu shan ta da zuma kullum da sunan magani, kenan wasunmu sun riga sun ɗauki rabonsu tun kafin a zo maganar filebo. Ba ina cewa na ga tonka a kasuwarmu ba ne, ina cewa ne in har a ƙasar da ake noma abin za a iya yi masa algus a saka a kwalba mai kyau da tambari, to jarkar da takardarta ta yage fa?

Wanda ya fi tayar min da hankali ma shi ne ruwan da ake narkar da ƙamshin a ciki. Banilin gari ne fari, sai an narkar da shi, kuma da yawa daga filebon ruwa a cikin wani sinadari mai ɗan kauri ake narkarwa, sunansa propylene glycol, ko kuma gilisarin. Mai kyansa ba shi da matsala, ana sa shi a abinci da magani. To amma yana da wani ɗan uwa da suke kama kamar an tsaga kara, diethylene glycol, na masana'antu, ya fi araha, ba kala ba wari ga ɗan zaƙi-zaƙi, shi kuma ƙoda yake kashewa. Mu a ƙasar nan ba labari aka ba mu ba. A 1990 yara sun mutu a Jos bayan shan sirof ɗin farasitamol da aka haɗa da shi, sannan daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara 84, Kaduna na cikin inda abin ya taɓa, kuma dalilin ɗaya ne, an sayi sinadari a hannun ɗan kasuwa da sunan mai kyau ashe gubar ce. A 2022 aka sake gani a Gambiya da maganin tari, yara wajen 70. Duk waɗannan magunguna ne ba filebo ba, na sani, amma sinadarin da aka yi wa musanya shi ne dai wanda ake narkar da filebo a ciki, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma dole ya tsorata. Magani aƙalla yana da kwali da lambar rukuni da za a bi a janye shi daga kasuwa, ita robar da aka rubuta wa suna da biro ta ina za a bi sawunta?

Sai maganar giya, wadda na ga da yawan 'yan uwana mata ba su ma taɓa jin ta ba. Waccan dokar ta Amurka da na ambata ta ce tsantsar banila sai ta ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin 100, don da ita ake tatso ƙamshin daga jikin 'ya'yan. Kenan 'yar kwalbar nan mai tsada ta manyan kantuna, wadda ake yi mana tsarabarta daga waje muna murna an kawo mana orijina, ita ce ma ta fi barasa. A kek cokalin shayi ɗaya ne kuma zafin oven yana korar wani kaso, amma yogot da kunun aya da askirim ba a dafa su bayan an zuba. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan ɗan kaɗan ɗin da ba ya sa maye, ni kuma ba malama ba ce ba zan yanke wa kowa hukunci ba, sai dai haƙƙin mai saye ne ya sani ya zaɓa da kansa. Akwai na gari, akwai sukari mai banila, akwai wanda aka rubuta ƙarara cewa babu barasa, duk ana samu. Ina roƙon malamanmu masu amsa tambayoyi a rediyo su taɓo wannan su yi mana bayani a fili.

'Yan uwana masu kek da yogot, kala ba ta nuna komai, ruwan ƙasa-ƙasan nan ana iya yin sa da ƙonannen sukari, kuma ƙarfin ƙamshi ba shaidar kyau ba ne, akwai wani na haɗi da ya ninka banilin ƙarfi wajen sau uku. Ku juya kwalba ku karanta bayanta, sunan kamfani da adireshi, abubuwan da ke ciki, ranar lalacewa, lambar NAFDAC, murfi a liƙe. Na san halin da ake ciki, fulawa ta tashi sukari ya tashi bota ba a magana, kwastoma kuma ba ya son a ƙara masa ko sisi, shi ya sa na awo yake jan mu. Amma filebo ɗigo nawa muke zubawa a kwaɓi guda? In kika raba kuɗin kwalba mai lamba a kan kek ɗin da za ta yi miki za ki ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Ni tun daga ranar na ce wa yarona in babu irin filebon da na aike shi ya sayo, ya dawo min da kuɗina.

Su kuma masu shago ba na ce mugaye ba ne, yawancinsu su ma haka aka sauke musu kayan, kuma awo taimako ne ga mai ƙaramin jari da ba za ta iya sayen lita ba. To a bar jarkar asali da takardarta a inda mai saye zai gani, a liƙa wa kowace roba suna da ranar lalacewa, a daina ɗurawa a tsofaffin robobin magani da ba a san me suka ɗauka a da ba. Shugabannin kasuwannin Singa da Sabon Gari za su iya sa wannan doka a tsakaninsu ba sai an jira hukuma ba.

NAFDAC kuwa mun ga abin da ta iya zamanin tsohuwar shugabarta marigayiya Dora Akunyili, lokacin da aka bi gidajen burodi a kan sinadarin bromate har burodi da yawa ya koma ɗauke da rubutun cewa babu shi. Irin wannan muke so a yi wa layin masu kayan kek, a ɗebi samfurin filebo da kalar abinci na awo a kai ɗakin gwaji, a faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo, in lafiya ƙalau ne mu ji mu samu natsuwa, in akwai matsala a faɗi wanne ne. Kai ma Malam Edita don Allah ka tura wakilinku ya zaga shagunan nan kafin hidimar sallah ta taso, lokacin da kowane gida ke cincin da kek, ya sayi na awo a wuri biyar ko shida, a kowane shago ya ce a nuna masa jarkar, ya ɗauko mana hoton abin da ya gani a jikinta.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Taku,
wata mai sana'ar kek da yogot, daga Kano.