Kada a kai irin wannan Fijo wurin 'yan gwangwan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan wata mota da na gani kwanan baya a wani gareji a nan Kaduna, an ajiye ta can lungu, ƙura ta lulluɓe ta. Ni tsohon bakanike ne, Peugeot 504 kuwa babu irin wadda hannuna bai taɓa ba, daga salun da wagon har zuwa a-kori-kura. Amma wannan sai da na zagaya ta kafin na yarda da idona. 504 ce mai ƙofa biyu, mai buɗaɗɗen kai, wadda ake naɗe rufinta na tamfol a kwantar a baya.

Yaran garejin sun ɗauka wani ne ya yanke kan Fijo don gayu. Ba haka ba ne, haka aka haife ta. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a bajekolin motoci na Janiba a 1969, kuma gidan Pininfarina na birnin Turin a Italiya ne ya zana jikinta ya ƙera shi. An rage tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 19, shi ya sa ta fi wadda muka sani gajarta da kwanciya a ƙasa. Zuwa 1983 da aka daina yin ta, guda dubu takwas da 'yan kai kawai aka ƙera a duk duniya, alhali 504 ta yau da kullum an yi ta da miliyoyi.

Wadda na gani ta farkon fitowa ce, fitilunta na gaba huɗu ne a rarrabe, na baya kuma layi uku-uku a karkace. Tamfol ɗin ya yage, tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofofi, amma injinta na asali mai silinda huɗu yana nan. Wallahi na daɗe ina shafa bodinta. Babu ado, babu tarkace, layi ɗaya ne ya miƙe daga fitila har but.

Mu mutanen Kaduna muna da haƙƙi a kan wannan suna. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri, a nan aka ci gaba da fitar da 504 shekaru bayan Faransa ta daina. Ita ta kai iyayenmu ofis, ita ta yi jigilar Kano zuwa Legas. 'Yar'uwar wannan mai buɗaɗɗen kai, wato mai ƙofa biyu rufaffiya mai silinda shida, ita ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1978.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda tsofaffin motoci ke ƙarewa. Mai gida ya rasu, magada su ga ƙarfe ya tare fili, a kira 'yan gwangwan su sare, a auna a kilo. Ban ga laifinsu ba, neman halak suke yi. Rashin sani ne ke sa a sayar da abin da masu tara motoci a Turai ke nema ido rufe a kan kuɗin ƙarfe. Wasu kuma su cire injin su dasa na wata mota, nan take darajar ta zube. Ga shi kayan injinta kusan ɗaya ne da na 504 ɗinmu, kuma har yanzu akwai tsofaffin hannu da suka san ta.

Na shawarci mai garejin ya gaya wa masu ita su ɗaga ta a kan katako, su rufe ta kafin damina. Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilinku ya bi garejoji da gidajen sarauta na Kaduna, Zariya da Kano, ya ɗauko hotunan motocin da suka rage, a buga tare da shekarunsu da tarihin masu su.

Naku,
Wani tsohon bakanike,
Tudun Wada, Kaduna.